Kujerar Ranar Talata

Daga filin jirgin saman Guangzhou zuwa na Delhi kilomita dubu uku ne da ɗari shida da 'yan kai. Jirgin da ya miƙe bai ya da zango ko'ina ba yana cinye wannan tazara cikin awa shida, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ni kwana goma sha shida na yi kafin na isa.

Ranar wata Alhamis da la'asar Hajiya, mahaifiyarmu, ta kira ni daga Kano. Ina ɗakina a unguwar Dengfeng ta Guangzhou, a hawa na shida na wani tsohon bene da matakalarsa ba ta rabuwa da warin danshi da soyayyen kifi. A wurinta hantsi ne, domin agogon China yana gaba da na gida da awa bakwai. Ta ce an kai Yaya Habibu Indiya, jiya suka sauka shi da matarsa, Anti Rabi. Likitocin gida sun ce ciwon hantar ya fi ƙarfin kayan aikinsu.

"To kai ne kusa," in ji ta. "An ce mini ƙasarku da tasu katanga ɗaya ce. Ka leƙa ka gano mini shi."

Na gaya mata daga inda nake zuwa inda yake ya fi daga Kano zuwa Jidda nisa. Ta ce, "Amma dai kai ne kusa." Da muka gama na buɗe taswira. Gaskiyarta. Daga Kano nisan ya ninka nawa sau biyu.

Yaya Habibu ya girme ni da shekara goma sha huɗu. Ina aji uku na firamare mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe ni da keken ɗinki ɗaya a wani shago a Fagge. Saman keken akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai rediyo. Shekara bakwai na yi ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Kano, kuma da wuya in fito daga ɗakin shirye-shirye ban tarar da kiransa ba. Yau ya ce na yi sauri, gobe ya ce na haɗiye sunan wani gari, jibi ya ce da jin muryata ban karya ba. Da na samu gurbin karatun digiri na biyu a Guangzhou ya ce in tafi, amma in sani na bar shi da masu karanta labarai kamar ana bin su da bulala.

Aikin rediyo ya bar mini ɗabi'a biyu. Ta farko agogo: ko a barci na san ƙarfe nawa ne a birane uku. Ta biyu kuwa, labari ba ya hawa iska sai an ji shi daga baki biyu. Da su na zo China, kuma da su na yi wannan tafiya.

Zango na farko ofishin biza ne. Suka ce sai na kawo takarda daga asibitin, mai nuna cewa ni ɗan'uwan majinyacin ne kuma jinya zan je. Takardar ba ta iso ba sai Litinin. Talata na miƙa fasfo, aka ba ni rasit, aka ce za a kira ni. A wannan makon ne kuma na gano abin da taswira ba ta nunawa: a shekarun nan babu jirgin fasinja ko ɗaya da ke tashi kai tsaye daga China zuwa Indiya. Awa shidan na nan a lissafi, amma ba mai sayar da ita. Dole mutum ya zaga ta wata ƙasa.

Kwanakin jiran na yi su ne a bayan Alhaji Ɗanjuma. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, dattijo mai ciwon gwiwa, yana zuwa sau uku a shekara sayen kaya, kuma ɗakin da ke kusa da nawa nasa ne. Ina yi masa tafinta, shi kuma yana dafa mana miyar kuka da kukar da yake tahowa da ita a cikin safa. Muka yi ta hawa da sauka a kasuwar Canaan, yana mirza bakin wando tsakanin yatsu biyu yana girgiza kai, ana yayyafi ba ya tsayawa. Ni hankalina na kan waya.

Kullum ina kira da ƙarfe biyun rana, sha ɗaya da rabi ke nan a Delhi, bayan likitoci sun gama zagaye. Anti Rabi ke ɗauka. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu ina ɗan sakandare ba ta taɓa kirana da sunana ba, kuma ba ta taɓa barina na huta ba, kamar yadda matar wa ke yi da ƙanin miji.

"Mai Labarai," sai ta ce, "an ce da tsinke kuke cin abinci, shi ya sa hotonka kamar an shanya riga."

In tambaye ta mai jiki, ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Wani lokaci ta ba shi wayar ya yi mini magana ta minti ɗaya, ya tambayi karatu, ya ce da sauƙi.

Ranar Litinin ta gaba fasfona ya fito da biza. Daga can ban tsaya ko'ina ba sai wurin Malam Illiyasu, wani mutumin Maraɗi da ke sayar da tikiti a wani ɗan ofis bayan shagon wayoyi. Mutum ne mai magana a hankali, yana rubuta komai a takarda kafin ya faɗa. Ya ce akwai kujera ɗaya gobe Talata. Tashi ƙarfe takwas na safe, awa uku zuwa Bangkok, jira na awa huɗu da rabi a cikin filin jirgi, sannan awa huɗu da rabi zuwa Delhi. Awa goma sha biyu cif. Tikiti ɗaya ne, kaya za su wuce da kansu, ba ruwana da bizar Thailand. In na bar wannan, irinsa sai Asabar. Ya ce zai riƙe mini ita zuwa ƙarfe huɗu.

Abin da ya tsaya mini shi ne Laraba. Ranar ce zan tsaya gaban malamai uku in kare tsarin binciken da na yi wata biyar ina haɗawa, kuma wanda ya rasa ranarsa sai wani zangon karatu. Na koma gida na kira Delhi.

Anti Rabi ta ce da sauƙi sosai, yau har ya sha shayi. Ta ba shi. Muryarsa ta yi ƙasa, amma tasa ce. Na gaya masa akwai jirgi gobe, akwai na Asabar, kuma akwai Laraba a tsakani.

"Kai, tsaya ka yi jarrabawarka," ya ce. "Ina za ni? Ga ni a kwance an ɗaure ni da robobi kamar akuya. Abu ɗaya nake so. In za ka taho ka nemo mini rediyo mai gajeren zango, na gaske, mai abin murɗawa. Wannan wayar ta Rabi ba rediyo ba ce. Kwana goma sha biyu ban ji Hausar kirki ba sai tata, ita kuwa labaranta ba su wuce tsadar albasa."

Na ji dariyarta daga gefe. Na tambaye shi jiki. Ya ce da sauƙi.

Baki biyu ke nan. A ƙa'idar aikina labari ya tabbata. Har da ƙari: mutumin da ke neman rediyo yana sa ran kwanakin da zai saurare shi.

Alhaji Ɗanjuma na zaune a falo yana shafa man zafi a gwiwa, duk ya ji. Bai ɗago ba ya ce, "Malam Nasiru, tun da aka haife ka, ka taɓa tambayar Bahaushe mai jiki ya ce maka babu sauƙi?"

Na ce da bakinsa ya faɗa mini.

Ya ce shi ma ranar da aka gaya masa mahaifinsa ya ji sauƙi har ya sha kunu, yana tashar jiragen ruwa ta Huangpu yana loda kwantena, ashe masu maganar daga maƙabarta suka dawo. Ya ce in sake kira in tambaye ta abu biyu kawai: da ƙafarsa yake zuwa banɗaki, kuma a zaune yake salla ko a kwance.

Na riƙe wayar na ɗan jima. Na yi wa kwamishinoni tambayoyin da suka sa aka kira shugaban gidan rediyonmu, amma na kasa tambayar matar yayana yadda mijinta ke zuwa banɗaki. Na ga kamar rashin kunya ne, kuma kamar ina ƙaryata shi. Ƙarfe huɗu saura kwata na kira Malam Illiyasu na ce ya saki kujerar Talata, ya rubuta mini Asabar. Ya ce in sake faɗa. Na sake.

Talatar na ƙarar da ita a neman rediyo. A garin da ake ƙera wa rabin duniya kayan lantarki, na yi bene huɗu ina nuna hoto a waya ana ce mini meyo, wato babu. 'Yan matan shaguna suna miƙo mini ƙananan lasifikoki masu walƙiya, wata ta kira ƙawarta ta zo ta ga baƙon da ke neman kayan kakanni. Sai bayan azahar wani mai gadi ya nuna mini wani lungu, inda na samu tsoho a bakin teburin gyara, da tabarau a ƙarshen hanci. Na ce masa lawban, kamar yadda ake kiran kowane mai shago, na nuna hoton. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da kwali mai ƙura. Ya sa batir, ya zaro eriya, ya murɗa a hankali har muryar wani mutum ta fito daga cikin shuu ɗin, da harshen da mu biyun ba mu sani ba. Na rubuta masa a waya cewa na wana ne, yana asibiti. Ya karanta sau biyu. Ya jawo aljihun tebur ya naɗo doguwar wayar eriya ya sa a kwalin, ya nuna mini da hannu a ɗaura ta a jikin taga, domin ginin asibiti yana tare murya. Ya ƙi karɓar komai a kanta.

Da na fito na duba agogo. Ƙarfe uku. Jirgin da na bari yana Bangkok, saura rabin awa ya tashi zuwa Delhi.

Laraba na tsaya gaban malaman. Minti ashirin aka yi, suka ce ba laifi, in gyara babi na biyu. Na fito na kira Delhi. Anti ta ce da sauƙi, yana barci. Na sake kira bayan awa biyu, yana barci. A kira na uku na daina sauraron abin da take faɗa na saurari abin da ke bayanta, kamar yadda aka koya mana da rahoton wakili. Akwai wata na'ura da ke ƙara a kai a kai, wadda babu ita ranar Litinin. Babu kuma tarin mutumin gadon kusa, wanda na saba ji. An canza musu ɗaki.

Na sauka titin Dengfeng na fara bin masu tikiti ɗaya bayan ɗaya. Duk amsar ɗaya ce. A bakin wani gidan abinci wani mutum mai farar shadda ya tare ni, ya ce ya ji ina neman Delhi. Hausarsa ta cikin birni ce tsantsa. Da na ce Fagge ya ambaci masallaci, ya ambaci mai tsiren bakin titi, ya ce ai shagon Habibu tela ba wanda bai sani ba, ko da yake ni na fara faɗin sunan. Ya ce yana da na gobe Alhamis, ta Bangkok ɗin dai. Ya kai ni wani kanti, ya shiga bayan kwamfuta kamar wurin nasa ne, ya bugo mini takardu biyu. Na ga biyu ne. Na tambaya, ya ce ai jirage biyu zan hau. Wata bakwai ban ji wani ya ambaci mai tsiren nan ba. Ban nemi baki na biyu ba.

Na kira Malam Illiyasu na ce ya soke Asabar. Ya tambaye ni wa ya ba ni na Alhamis, na kwatanta. Ya ce ba zai soke ba sai na kira shi daga Bangkok.

Ƙarfe shida na safe ina layin awon kaya. Matar da ke kan teburin ta duba takardun, ta duba koren fasfona, ta juya shafukan har ƙarshe ta dawo. Turancinta a tsare yake. Ta ce tikitin na gaske ne, amma na kamfanoni biyu ne da ba su da alaƙa. A Bangkok sai na fita na ɗauki jakata na sake shiga, kuma fasfo irin nawa ba ya fita can sai da bizar ƙasar. Na ce na bar jakar, kwalin nan kaɗai zan riƙe. Ta ɗauki waya ta kira na sama da ita, suka yi magana, ta ajiye ta ce ba ta da iko. Na ce wana ne ba lafiya. Ta ce ta yi mini baƙin ciki, kuma na ga alamar da gaske take, sannan ta ɗaga hannu ga na bayana.

Na zauna a kan benci har allon ya nuna jirgin ya tashi. Wayar mai farar shadda a kashe. Da na koma kantin, mai shi ya ce shi ma bai san sunansa ba, yakan dai zo ya ari kwamfuta.

Na so ƙwarai in ɗora wa mutumin nan komai. Amma ko ta ina na bi lissafin, bai ci mini ko awa ɗaya ba. Asabar tana nan inda take, Malam Illiyasu ya riƙe ta. Abin da na rasa tun ranar Litinin na rasa shi, ƙarfe huɗu saura kwata, da bakina, har sau biyu.

Ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji Ɗanjuma ya shigo ɗakina da wata baƙar rigar sanyi mai nauyi, ya ce Delhi a wannan wata ba wasa. Bai ce ya gaya mini ba. Ya zauna a bakin gado yana kallona ina naɗe kwalin rediyon a cikin tawul, can ya ce in na isa, duk abin da na tarar, in fara cin abinci kafin in yi wani abu, domin mai jinya da yunwa su biyu ake jinya. Na kira Anti. Da sauƙi, an ba shi magani, ba a so a tashe shi. Na ce ta kara masa wayar a kunne ko da yana barcin. Ta ce nas ta hana.

Asabar jirgi ya tashi ƙarfe takwas da minti goma. Na sauka Bangkok ƙarfe goma na agogonsu, na mayar da nawa baya da awa ɗaya. Na samu kujera kusa da taga, kwalin a kan cinyata. Wani iyali na Indiyawa na gefena suna cin abinci daga kwano mai hawa uku, tsohuwarsu ta miƙo mini gurasa biyu a takarda ba tare da ta kalle ni ba. Na ci, saboda Alhaji.

Ƙarfe ɗaya na kira. Sha ɗaya da rabi a Delhi, lokacinmu na kullum. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka.

"Nasiru," ta ce, "kana ina?"

Na ce Bangkok, saura awa ɗaya da rabi mu tashi. Na tambayi mai jiki.

"Da sauƙi. Allah ya kawo ka lafiya."

Babu ƙarar na'ura a bayanta. Babu komai. Kuma shekara ashirin ke nan ban ji sunana a bakinta ba. Duk na ji wannan, na kuma fahimce shi, amma na ajiye shi a gefe kamar labarin da ba a tabbatar ba, na hau jirgi da shi. Awa huɗu da rabi ina kallon ɗan jirgin da ke jikin allon kujera yana rarrafe a kan teku, kilomitocin na raguwa. Ban taɓa ganin lissafi mai tafiya daidai kuma marar amfani irin wannan ba.

Mun sauka biyar da rabi na yamma. Hazo ya rufe garin, fitilun motoci a kunne. Ƙarfe bakwai mai tasi ya ajiye ni a ƙofar asibitin. Na tarar da Anti Rabi a wani dogon baranda a ƙasa, ba a ɗakin majinyata ba, tana zaune a kujerar roba, jakunkuna biyu a ɗaure a gabanta. Takalman Yaya na saman ɗaya.

Ta ce ya cika ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Minti ashirin ke nan kafin kirana. Ina zaune a Bangkok ina cin gurasa.

Na zauna a kujerar kusa da ita. Muka yi abin da ake yi, muka faɗi abin da ake faɗa. Bayan wani lokaci na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun Lahadi likita ya kira ta gefe ya ce ba za a yi aikin ba, kwanaki ne. Tun kafin fasfona ya fito.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Anti?"

"Shi ya hana. Ya ce kana da jarrabawa, kuma kai kaɗai ne a can, ba mai riƙe ka." Ta gyara mayafi. "Da ka tambaye ni kai tsaye da ban iya yi maka ƙarya ba. Kullum ina jira ka tambaya. Kai kuma sai ka ce ya jiki."

Ta ga kwalin a hannuna ta gane shi. Ta ce ranar Litinin da ya ajiye wayar ya yi dariya har ya yi tari, ya ce Nasiru ba ya yarda da magana sai da hujja, to ga hujja ya ba shi. Amma daga Laraba ya daina dariyar. Duk farkawar da zai yi sai ya tambaye ta ƙarfe nawa ne a wurina. Yau da asuba ya tambaya ko jirgin ya taso, ta ce ya taso. Ya ce awa nawa ne. Ta ce ba ta sani ba, an dai ce kusa ne.

Ta ce ba za a ba mu shi ba sai an gama takardu, wataƙila Litinin, kuma akwai wasu mutanen gida da ke jinya a nan da suka ce za su tsaya mana a yi masa sutura. Ni zan yi masa wanka. Wannan kaɗai na iso a kan lokacinsa.

Na tambaya ko an gaya wa Hajiya. Ta ce a'a. Ta kira Kawu Sale, ƙanin Hajiya, tun da abin ya faru, ya ce kada kowa ya faɗa mata a waya, ga hawan jini, ga ta ita kaɗai a gida. Ya taso daga Gashuwa, sai bayan la'asar zai shiga Kano.

Na duba agogo. Bakwai da rabi a Delhi, uku na rana a Kano. Da sauran aƙalla awa ɗaya da rabi a gaban Kawu.

A nan wayata ta yi ƙara. Na ga sunan, na nuna wa Anti. Ta kau da kai.

"Ka sauka?" in ji Hajiya. Muryarta wasai. Ta ce tun safe take lissafi da yatsu, ta ce ai ta gaya mini kusa ne. "Ka gan shi? Ya jikin nasa?"

Na karanta sanarwar rasuwa a rediyo ba adadi. Na san yadda ake jera ta: suna, shekaru, lokaci, wuri, sannan waɗanda aka bari. Duk suna bakina a jere, har da mintin. Na ji ƙarar fanka a bayanta, da kaji a tsakar gida, ba muryar kowa.

Na gyara murya kamar an kunna jar fitilar ɗakin shirye-shirye.

"Da sauƙi, Hajiya," na ce. "Yana barci."